Kafin Ka Huda Jirginka: Yadda Ake Gwada Sabuwar Na'urar Gano Kifi

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon nan a Facebook ko YouTube: mutum zaune a jirgi, gabansa wani ɗan allo kamar tafin hannu, kifaye sai giftawa suke yi a kai. Idan kai masunci ne a Shanga, Yauri ko Ngaski, ko kana da ɗan'uwa mai jirgi a bakin Tafkin Kainji, ba mamaki ranka ya biya. Na'urar gaskiya ce, tana kuma aiki. Sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne, kuma yawanci daga nesa ake aiko ta, Legas ko ma ƙasar waje. Ranar da ka huda katakon jirginka, ka ɗaure ta da kusoshi, ka yanke wayoyi, to ka gama da zancen mayarwa. In ta ƙi aiki bayan nan, mai kaya zai ce kai ka lalata, kai kuma ba ka da hujja.

Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu bi gwaje-gwajen da ake yi tun na'urar ba ta hau jirgi ba. Ba sai kana da digiri ba. Batir, igiya, dutse, da ɗan haƙuri sun isa. Amma bari mu fara da yadda abin yake aiki, don wanda ya san dalili ba ya ruɗewa idan ya ga alama.

Na'urar ba ta gani, ji take yi

Ka san amsa-kuwwa: ka yi ihu a gindin dutse, muryarka ta dawo maka. Haka jemage ke gane hanya cikin dare. To wannan dabarar ce kacokan. Na'urar kashi biyu ce: akwai allon da kake kallo, akwai kuma wani ɗan dunƙulen baƙin roba mai doguwar waya wanda ake tsomawa a ruwa. Masu sayarwa na ce masa tiransdusa, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa kunne, duk da cewa shi ne bakin kuma shi ne kunnen. A cikinsa akwai wani faifan tangaran na musamman: in an ba shi wuta sai ya girgiza ya fitar da sauti, in sauti ya dake shi sai ya fitar da 'yar wuta. Jacques da Pierre Curie, wa da ƙane 'yan Faransa, su suka gano wannan hali a wasu duwatsu a 1880.

Kunnen yana harba sauti ƙasa, sau da yawa a kowace daƙiƙa, sai ya yi shiru ya saurari dawowarsa. Sauti a cikin ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, wato ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Tun 1826 aka auna wannan gudu a Tafkin Janeba da ke Suwizalan, da ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa. Ka ga ke nan in zurfin wuri mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30, sautin zai gama tafiyar cikin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa. Lokacin nan kawai na'urar ke aunawa, ta mayar da shi mita. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 ne masana suka duƙufa kan amfani da sauti don gano abin da ido bai gani a teku, sannan a 1948 wasu 'yan'uwa biyu a Nagasaki ta Japan, masu kamfanin Furuno, suka fitar da na'urar gano kifi ta farko da masunta suka amfana da ita.

Abu ɗaya ka riƙe, don shi ne mabuɗin rabin matsalolin da za ka haɗu da su: sautin nan ba ya shiri da iska. Duk inda ya iso iyakar ruwa da iska, kusan dukkansa yake komawa baya, abin da ke wucewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan alheri ne, domin yawancin kifaye suna da jakar iska a ciki, 'yar farar nan mai kama da balan-balan da ake cirowa wajen gyaran kifi, kuma ita ce ke mayar da mafi yawan sautin. Giwan ruwa mai babbar jaka yakan fito fes a allo. Tarwaɗa kuwa jakarta ƙarama ce, ga ta da son kwanciya a laka, saboda haka ganinta da wuya. Amma wannan halin dai shi ne masifa: kumfa ƙwaya kaɗan a fuskar kunne sun isa su kurmantar da shi.

Ruwan da za ka kai ta

An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon kusan kilomita 135, daga madatsar har zuwa wajajen Yelwan Yauri. Matsakaicin zurfinsa kamar mita 11 ne, amma kusa da madatsar yana kaiwa wajen mita 60. A ƙarƙashinsa akwai tsohuwar Bussa, da ƙauyuka da gonaki da dazuzzukan da ruwa ya ci, bayan an tayar da mutum kusan 44,000. Kututturan itatuwan nan har yau suna tsaye a wurare da yawa, kuma masu kalli sun fi kowa saninsu.

Ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Tsakanin cikarsa da ja bayansa a shekara akan sami bambancin kusan mita 10. Sau biyu kogin Neja ke kawo ambaliya: akwai wadda masu bincike ke kira farin ruwa, ta daminarmu, mai ɗauke da laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya tace, ya iso mana cikin hunturu. A ɓangaren Shanga, sama da Yelwa, ruwan ya fi kama da kogi fiye da tafki: ga gudu, ga gungu, ga rairayin da ke sauya wuri, ga burugu a gefe. Na'urar da aka ƙera aka gwada a wani tafkin Amurka mai ruwa garau, dole ka ga yadda take a irin wannan ruwa da idonka.

Gwaji na ɗaya: buɗe kwali

Ka buɗe kwalin da rana, a gaban shaida, in da hali wani ya ɗauki bidiyo da waya. Ka ƙirga kaya: allo, kunne da wayarsa, wayar wuta, mariƙin allo, mariƙin kunne, kusoshi, da takardar bayani. Ka duba lambar da ke bayan allon ta yi daidai da ta jikin kwali. Sannan ka leƙa cikin kowace mahaɗar waya. Akwai 'yan siraran ƙarafa kamar allurai a ciki; ɗaya tak ta lanƙwashe ko ta shige ciki, kunnen ba zai yi magana da allon ba. Ka bi wayar kunne da yatsa daga farko har ƙarshe, ko akwai yanka ko inda aka matse. Fuskar kunnen kuma ta zama sumul, ba tsaga.

Wayar kunne takan yi tsawo fiye da buƙatar kwalekwale. Kar ka yanke ta. A cikinta akwai siraran wayoyi da wata raga mai kare su daga hayaniyar lantarki, kuma ɗaurin hannu ba ya mayar da ita yadda take. Naɗe ragowar za ka yi.

Gwaji na biyu: wuta

Mafi yawan abin da ake ce wa lalacewar na'ura, laifin batir ne. Waɗannan na'urori da bolt 12 suke aiki. Ka nemi mitar awon wuta wurin mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola, ka auna batirin yana hutawa, ba a kan caji ba. Batirin ruwa ko busasshe irin na dalma in ya cika yakan nuna 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. In ya sauka ƙasa da 12, ka kai shi caji tukuna, don duk gwajin da ka yi da shi ƙarya zai ba ka.

Jar waya tana zuwa kan mai alamar tarawa, baƙa kan mai alamar ɗebewa. Ka duba sau biyu kafin ka taɓa. A kan jar wayar, kusa da batir, dole a sami fiyus, yawanci mai amfiya 3. Takardar bayanin za ta faɗa maka daidai. In ya ƙone, a sa irinsa. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fiyus, ita ce ke mayar da asarar ƙaramin kuɗi ta zama asarar na'ura ɗungurungum.

Kar kuma ka jona ta kai tsaye da faifan sola. Faifan da aka rubuta wa bolt 12, cikin tsakar rana in ba kaya a kansa yakan haura 20, abin da ya wuce ƙarfin ƙananan na'urori da yawa. Sola ta caja batir ta hanyar akwatin daidaita caji, batir kuma ya ba na'ura.

Yanzu ka haɗa kunnen da allon tun kafin ka kunna, sannan ka danna. Ka bar ta minti goma sha biyar. Ka ƙara hasken allon zuwa ƙarshe, ka danna kowane maɓalli, ka ɗan girgiza wayoyi a mahaɗarsu. In ta mutu da ka ƙara haske, batir ne ko haɗi mai rauni. In ta mutu da ka taɓa waya, mahaɗa ce. Yawancinsu suna iya nuna ƙarfin wuta a allo: in mita ta ce 12.6 a kan batir amma allo ya ce 11.5, wuta tana zubewa a hanya, ka duba tsatsa da sirantar waya.

Ga ɗan lissafi. Ƙaramar na'ura tana jan abin da bai wuce rabin amfiya ba. Ƙaramin batir mai lamba 7, irin wanda ake sa wa fitilar caji da ƙananan injinan ajiye wuta, a takarda zai ba ta awa 14. Amma batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, saboda haka ka ƙirga awa 7. In kana kwana a ruwa, ka san girman batirin da za ka nema.

Gwaji na uku: kifin ƙarya

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ka kunna na'ura a tsakar gida, sai ga ƙasan ruwa ya fito, ga kifaye jere, ga zurfi yana sauyawa. Ka yi murna. To wannan ba komai ba ne illa hoton talla da kamfani ya ajiye a ciki don shaguna su nuna wa masu saye. In ka lura za ka ga an rubuta Demo ko Simulator a wani gefe. Wasu na'urorin ma da kansu suke shiga wannan yanayi idan ba su ji kunne a jone ba. Ka ga ke nan kifi a allo alhali kana tudu, ba shaidar lafiya ba ce. Yana iya zama shaidar cewa allon bai ma san da kunnen ba. Duk mai sayarwar da ya nuna maka wannan ya ce ga ta nan tana aiki, allon kawai ya nuna maka.

Ka shiga wurin saituna ka kashe shi. Kana ciki, ka gyara abu uku. Ka mayar da awo zuwa mita, don da yawa da ƙafa suke zuwa, kuma mita 5 a ƙafa 16.4 ne, mutum zai iya rantsewa na'urar ta haukace. Ka mayar da awon zafi zuwa Salshiyos. Sannan ka kashe 'yan hotunan kifin nan masu kyau. Na'urar ba ta san kifi ba. Duk abin da ya mayar da sauti a tsakiyar ruwa, reshe ne, leda ce, kumfa ce, sai ta zana masa kifi. Ɗanyen hoton ya fi gaskiya.

Gwaji na huɗu: kunnen a tudu

Ka kai kunnen kusa da naka kunnen, ba sai ka manna ba. Sautin aikin kansa ba za ka ji shi ba, don yana kaɗawa sau dubu 77, ko 83, ko 200 a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa wajen dubu 20. Amma a yawancin na'urori za ka ji ɗan ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ya harba. In ka ji, wuta tana isa. Ka yi wannan a gurguje, minti ɗaya ko biyu: ruwa ne ke sanyaya kunnen, kuma manya masu ƙarfi suna iya lalacewa in an bar su suna harbi a iska.

Sai awon zafi. Ka rufe kunnen cikin tafin hannunka, ka kalli lambar zafi. In ta fara motsawa a hankali zuwa zafin jikinka, wayar tana da rai. In layuka kawai ka gani babu lamba, akwai tsinkewa ko lanƙwasasshiyar allura.

Akwai wani ɗan gwaji mai ban sha'awa. Ka riƙe kunnen ya fuskanci daɓen siminti, tsakaninsu rabin mita. Wasu na'urorin za su nuna maka mita 2 da ɗoriya. Ba kuskure ba ne: na'urar da gudun sauti a ruwa take lissafi, a iska kuwa sautin ya fi jinkiri sau huɗu da wani abu, sai ta ɗauka nisan ya ninka haka. In ta nuna, madalla. In ba ta nuna ba, kar ka yanke mata hukunci, don ba kowacce ke iya ji a iska ba.

Bokiti fa? Mutane suna son gwajin bokiti, amma ba ya faɗin gaskiya. Yawancin na'urori ba sa iya karanta abin da bai kai wajen rabin mita ba, ga shi sautin yana dukan bangon bokitin ta ko'ina ya dawo a cakuɗe. Lambar da ke tsalle-tsalle a bokiti ko randa ba alamar lalacewa ba ce. Hukunci na ruwa ne.

Gwaji na biyar: igiya da dutse

Ka sami gora ko katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, ka ɗaure kunnen a ƙarshensa da robar taya, fuskarsa tana kallon ƙasa sak. Ba huda, ba kusa. Ka tanadi igiya, ka ƙulla ta a kowace mita da awon tela, ka ɗaura mata dutse mai nauyi. Ka goge fuskar kunnen da ɗan ruwan sabulu. Sabuwar roba tana riƙe ƙananan kumfa da ido ba ya gani. Kar fetur ko man inji ya taɓa ta.

Ka fita wurin da ruwa ke kwance, mai zurfin mita 3 zuwa 6. A yankin Shanga ka nemi bayan gungu ko lungun da ba gudu, domin ruwa mai gudu yana karkata igiya ta nuna fiye da gaskiya. Ka tsoma kunnen kamar taƙi ɗaya ko biyu a ƙasan ruwa, ka saki dutse har ya taɓa ƙasa, ka kwatanta. Ka tuna na'urar daga fuskar kunne take ƙirga, ba daga saman ruwa ba, don haka ka ƙara zurfin da ka tsoma shi. Bambancin santimita 20 ko 30 a zurfin mita 10 ba komai ba ne, zafin ruwa kansa yana ɗan sauya gudun sauti. Ka maimaita a wuri uku masu zurfi daban-daban. In duka sun yi daidai, zuciyar na'urar lafiya lau.

Wani lokaci za ka ga layin ƙasa biyu, na biyun a daidai ninkin zurfin na farko. Wannan sauti ne da ya daki ƙasa mai tauri, ya dawo ya daki saman ruwa, ya sake komawa. Alamar dutse ko tsakuwa ce. Laka kuwa tana shanye sauti, layinta yakan fito da rauni.

Yanzu ka ƙera wa kanka kifi. Ka sami 'yar ƙaramar kwalbar roba, ka rufe ta gam da iska a ciki, ka ɗaure ta a igiyar mita ɗaya sama da dutsen, ka zura daidai gefen kunnen. Za ka ga layi ya bayyana yana gangarowa. Ka tsayar da ita a mita 3, layin ya miƙe a mita 3. Ka ɗago, ya hau. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowacce ƙarfi.

Gwajin kwalbar zai koya maka wani abu kuma. Sautin yana buɗewa ne kamar hasken tocila. Mai kaɗawa dubu 200 siriri ne, faɗin abin da yake rufewa kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfin wurin ne. A mita 3, da'irar mita ɗaya kacal kake gani. A mita 9, mita 3. Mai dubu 77 ko 83 yana rufe kusan faɗin da ya kai zurfin, amma hotonsa bai kai na farkon kaifi ba. Ka matsar da kwalbar gefe kaɗan ka ga yadda take ɓacewa. Haka kifi ma yake: in allo ya yi fayau, ba wai babu kifi a wurin ba, a ƙarƙashin kunnen ne kawai babu. Kuma kifin da ya ratsa da'irar yana fitowa ne kamar baka ko jinjirin wata, don yana da nisa a gefe, ya matso a tsakiya, ya sake nisa. In jirgi a tsaye yake kifin ma a tsaye, dogon layi za ka gani. Gefen dama na allon shi ne yanzu. Duk abin da ya matsa hagu ya riga ya wuce.

Gwaji na shida: inji da kumfa

Har yanzu kunnen yana kan gora. Ka tayar da inji ba tare da ka sa giya ba, ka ɗan ba shi wuta. In siraran layuka a tsaye suka cika allo, suna ƙaruwa da ƙarar inji, hayaniyar lantarki ce daga fulogi da wayoyinsa. Magani: batir na daban, kuma wayar kunne ta yi nesa da wayoyin inji.

Sannan ka sa giya, ka tafi a hankali, ka riƙa ƙara gudu. Akwai inda za a kai lambar zurfi ta fara ƙiftawa ko ta ɓace. Kumfa ce, daga farfela ko daga gaɓoɓin katako. Ka sauya wa gorar wuri, ka ƙara tsoma ta, ka gwada wancan gefen, har ka sami inda ruwa ke wucewa sumul. A yawancin injina gefen dama na bayan jirgi ya fi, nesa kaɗan da farfela. Wurin da ka samu da gwaji, nan za ka ɗaure, ba inda ya yi maka kyau a ido ba.

Za ka ji wasu na cewa ana manna kunnen daga cikin jirgi. Wannan a jirgin faiba ne mai kauri ɗaya, babu iska a tsakani. Katako cike yake da ƙananan ramukan iska, sautin ba ya ratsa shi yadda ya kamata. Jiragen katako irin namu dole kunnen ya taɓa ruwa. Kuma da yake ana jan jirgi kan rairayi, ga kainuwa ga burugu, mutane da yawa za su ga gorar da ake ɗagawa a sauke ta fi musu ɗaurin dindindin. Ko ba komai, da dare za ka tafi da abarka gida.

In tana da taswirar tauraron ɗan Adam

Wasu suna zuwa da GPS. Wannan ba ya buƙatar layin waya ko data, amma yana buƙatar sarari. A ƙarƙashin rufin kwano ba zai kama ba. Karon farko yakan ɗauki mintuna kafin ya sami taurari aƙalla huɗu. Ka ajiye alama a bakin mashaya, ka yi tafiyar mita ɗari, ka ce ta mayar da kai. In ta kawo ka cikin 'yan mitoci, lafiya take. Sai dai ka tuna da hawa da saukar tafkin: wurin da ka yi wa alama da zurfin mita 8 a watan Janairu, wata shida bayan nan kana iya tarar da kututture a waje.

Idan wani gwaji ya faɗi

Ka bi a jere, kar ka tsallake. Ba ta kunnu ba: batir, fiyus, juyewar waya. Ta kunnu amma ba zurfi ba zafi: mahaɗar kunne. Akwai zafi ba zurfi a ruwa mai mita 3 ko fiye: ka duba ko an dakatar da harbin sauti a saituna, ko an zaɓi nau'in kunnen da ba shi ba, sannan ka mayar da saitunan yadda kamfani ya aiko. Allo ya cika da ɗigo-ɗigo lokacin farin ruwa: ka rage ƙarfin sauraro kaɗan-kaɗan har ƙasa ta fito. In duk an yi haka shiru, kuma akwai mai irin na'urarka a kusa, ku musanya kunne. Nan take za a san mai laifi. Ka ɗauki bidiyon gwajin igiyar ka aika wa mai kaya tun wa'adin mayarwa bai cika ba, kayan suna nan ba ƙwarzane.

Abin da ba za ta yi maka ba

Na'urar ƙasa take sauraro, ba gaba ba. Jirgi mai gudun kilomita 20 a awa yana cin sama da mita 5 a daƙiƙa, kunnen kuma a baya yake. Kafin kututture ya fito a allo, gaban jirgi ya riga ya hau kansa. Tana da amfani wajen zagayawa a hankali da rana a yi wa wuraren haɗari alama, amma ba ta ba kowa lasisin gudu cikin dare ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya nufi Warra ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan suka tsira. Rigar ruwa da lodi daidai kima ba su da madadi.

Ba ta kuma ƙara kifi a ruwa. Alƙaluman masu bincike sun nuna kamun Kainji ya kai wajen tan 28,000 a 1971, ya faɗo ƙasa da tan 5,000 a 1978. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, da aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na shekarun 1990, sun daɗe suna jan kunne kan taru mai ƙananan ido irin dala, mai kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Na'urar da ke nuna maka inda kifi ya taru tana iya rage maka ɓarnar fetur da yagewar kalli. Tana kuma iya zama hanyar share matattarar da ya kamata a bari ta hayayyafa. Wannan ya rage ga mai riƙe da ita.

Shawara ta ƙarshe: ranar gwajin ruwa, ka roƙi wani dattijo cikin Sarkawa ko Gungawa ya shiga jirgin. Shi ya san inda tsohuwar hanyar kogi ta bi, da inda dutse yake, da inda kukar wani ƙauye ke tsaye a ƙasa. Ya nuna maka wurin, kai kuma ka kalli yadda yake fitowa a allo. Da haka za ka koyi karatun allon cikin kwana biyu, abin da kai kaɗai zai ɗauke ka damina guda. In komai ya yi daidai, to bismillah, sai ka ɗauko kusa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare mu a tudu da ruwa.